Na kashe kuɗi kan littattafan koyon haɗa jirgin ruwa, ga wanda ya biya ni ga wanda ya zama matashin kai

Tun da aka ga ɗan jirgin katakon da na haɗa yana yawo a bakin ruwa a nan Yelwan Yawuri mutane ke tare ni da tambaya, wai a ina na koya, wane littafi na karanta, nawa na saya, har wani yaro ɗan makarantar fasaha ya biyo ni shago ya ce shi ma yana so. To na gaji da maimaita magana ɗaya, bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta ni ma in huta.

Ni dai asalina kafinta ne, rufi da ƙofa da gado da kujera, shekara goma sha ɗaya kenan ina riƙe da zarto, kuma ba ni da gadon ruwa ko kaɗan, babana manomi ne, ban taɓa jefa taru ba. Amma wanda ke zaune a Yawuri ba zai ce ba ruwansa da ruwa ba, ga kogin Neja nan kwance a gabanka, ranar kasuwa ka ga jirage sun jeru kamar shanu a mashaya, daga tsibirai ake zuwa da shinkafa da albasa da busasshen kifi, a koma da gishiri da siminti da babura. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hatsarin nan na wajen Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga ɓangaren jihar Neja da mutum sama da ɗari a ciki ya dare a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka fita, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Daga lokacin ne na fara tambayar kaina, ni da na san katako, shin me ke sa jirgi ya riƙe, me ke sa ya saki?

Na fara da wauta, kamar yadda aka saba. Na ɗauka abin da ya fi tsada shi ya fi kyau, sai na sa wani abokina da ke zuwa Legas ya nemo mini babban littafin nan na wani Ba'amurke Howard Chapelle mai suna Boatbuilding, wanda aka fara bugawa tun 1941, don duk inda ka duba sunansa ake kira. Ya samo mini na hannu, bangon ya ɗan ci wuya, kuɗin da na biya kuwa da na sa a falanki da na sayi mai yawa. Ba zan zalunce shi ba, littafi ne na gaske, mutumin ya san abin da yake faɗa, kuma ɓangaren da ya yi bayanin yadda ake ɗauko ƙaramin zane a shimfiɗa shi a ƙasa daidai girman jirgin kafin a yanka ko katako ɗaya, wannan ɓangaren kaɗai ya buɗe mini kai. Amma wallahi Turancin ciki ba na mutane ba ne. Ni da na yi sakandare na ci Turanci daidai gwargwado sai ga ni da ƙamus a hannu, kuma kalmar da nake nema ma ba ta cikin ƙamus ɗin don yaren masu jirgi ne, kowane ɗan katako a jikin jirgi da sunansa. Ga awo da ƙafa da inci da kashi ɗaya cikin takwas na inci, lamba uku a jere da ɗan layi a tsakani, na kwana biyu ina ɗaukar ta ukun a matsayin wani abu daban kafin na gane. Sannan itatuwan da yake magana a kai na ƙasarsu ne, ba ka da su a Yawuri ba ka da su a Birnin Kebbi, kuma rabin hankalinsa na kan jiragen teku masu tafiya da iska. Yanzu haka yana kan shiryayye a shago, rannan na tarar yarona ya yi matashin kai da shi yana barcin rana, ban ma tashe shi ba.

Wanda ya biya ni kuwa kyauta ne, abin haushi abin dariya. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, wadda hedkwatarta ke Rum, tana da jerin ƙananan littattafai kan jiragen masunta kuma ta sake su a intanet ba ko sisi, data kawai za ka ƙona. Biyu na fi riƙewa. Akwai mai lamba 117 na jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi, tsoho ne na shekarun 1970, sai mai lamba 134 na jirage masu gindi kamar harafin V wanda wani ɗan ƙasar Norwe Gulbrandsen ya rubuta, bugun da aka sabunta a 2004, a ciki akwai zanen jirgi huɗu daga mai tsawon mita 5.2 zuwa mai mita 8.5, ko ka yi da falanki ko da filawud. Abin da ya burge ni da shi, zane ya fi surutu yawa. Awon da milimita ne, tef ɗinka na kasuwa ya ishe ka, ga jerin kayan da za ka saya, ga kaurin kowane katako, ga inda ƙusa za ta shiga da inda noti zai shiga, mataki bayan mataki kamar mai koya wa yaro tatata. Ko Turancinka bai wuce na gaisuwa ba in dai kai kafinta ne za ka bi hoton ka gane kashi bakwai cikin goma.

Sai dai a nan ne na gamu da ɓacin rai, kuma ina roƙon duk wanda zai bi hanyar nan ya buɗe kunne. Karatu a waya ba ya yiwuwa, zane ƙanana, hannu duk ƙura da gam, sai na kai wani shagon buga takardu a Birnin Kebbi da na je wani aikin rufi, ba zan kira suna ba don yaron yana da ladabi kuma na ga alama bai san ya yi ɓarna ba. Na ce a buga mini duka a ɗinke. Ya karɓi kuɗi ya ce in dawo bayan la'asar, na dawo na tarar an yi bango mai sheƙi har da sunana a gaba, na ji daɗi na hau mota. Sai da na iso gida na ga ya matse shafi biyu a fuska ɗaya wai don ya rage mini kuɗin takarda, lambobin awo sun zama kamar ƙwayar gero, 3 da 8 ba ka bambancewa, kuma da injin tawada ya buga, ranar farko da na kai bakin ruwa ɗigo biyu suka faɗa a kai shafin ya zama kamar an yi rini. Ɗinkin robar nan mai murɗe-murɗe kuma sati uku ya yi ya fara zubar da shafuka. Dole na sake bugawa a wani wuri. Don haka ka ce musu da injin hoda, wato na laser, za a buga ba na tawada ba, shafi ɗaya a fuska ɗaya, shafukan zane a babbar takarda, kuma waɗanda za ka riƙa kaiwa wurin aiki a liƙe su cikin leda. Ka tsaya a kansu har a gama, kada ka tafi cin abinci.

To da na samu bugu mai kyau sai na ɗauka na nufi wurin wani dattijo da ke haɗa jirage a bakin ruwa, tun ina yaro nake ganinsa da gizago a kafaɗa, kowa Baba yake ce masa. Na durƙusa na gaishe shi na miƙa takardun ina jin kaina kamar wani injiniya. Ya karɓa ya juya su sama ya juya ƙasa, bai iya boko ba amma da ya kai kan zanen haƙarƙarin jirgin sai ya yi shiru, ya bi layin da ɗan yatsa tun daga hanci har gindi, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, ɗana, wanga da ya yi zanen ga ya san ruwa, amma ba ruwanmu ya sani ba. Na ce Baba kamar yaya? Ya ce kai dubi gindin nan mai tsini, in rani ya yi ruwa ya ja baya yashi ya fito, ina za ka bi da shi? Mu nan ba mu da wurin ɗaure jirgi irin na Turawa, tuɗu muke hawa da shi, a ɗora saniya a ɗora babur a turo, in ka aje wanga bisa yashi kifewa zai yi gefe guda kamar jaki ya gaji. Kuma gaskiyarsa. Gindi mai tsini na yanka igiyar ruwa da kyau, ya dace da inda ruwa ke da zurfi da tashin iska, irin tsakiyar tafkin Kainji in hadari ya taso, amma zirga-zirgar gaɓa da tsibirai shimfiɗaɗɗen gindi ne ke yi. Shi ya sa na koma kan tsohon littafin mai lamba 117 don siffar jirgi, na riƙe na 134 don yadda ake haɗa katako da katako. Tsohon kuwa hotonsa a intanet ya ɗan dushe, wasu lambobin sai ka ƙura ido.

Baba ba ya awo da tef, da taƙi da kamu da gaba yake yi, da wata igiya mai ƙulle-ƙulle da ya ce ta girme ni, kuma in ya kalli falanki ya san inda zai lanƙwasa da inda zai tsage. Wannan babu shi a kowane littafi. Amma akwai inda littafi ya kayar da Baba, kuma a gabansa na faɗa, wato maganar ƙusa. Littafin mai lamba 134 ya nace a kan ƙusa da noti waɗanda aka tsoma cikin narkakken tutiya, mu kuma nan ƙusar rufi ta kasuwa ake dankara wa jirgi don ita ce mai araha. Na je jikin wani tsohon jirgi da aka jingine na zaro ƙusa ɗaya da filaya, kanta lafiya lau, amma tsakiyarta daidai inda falanki ya haɗu da haƙarƙari ta cinye ta zama kamar allura, na lanƙwasa ta da yatsa biyu ta karye. Na kai wa Baba a tafin hannu. Ya kalla ya ce ai mun sani, mai jirgi ne ba ya son biya. To ka ji inda gizo ke saƙa, daga waje jirgi fes da fenti har da sunan mai shi da addu'a a jiki, a ciki kuwa tsatsa ce ke riƙe da rayukan mutane, ranar da ya daki kututture sai falanki ya saki gaba ɗaya. Kuma kututture ba ƙarya ba ne a ruwan nan, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki da dazuzzuka, itatuwan na nan tsaye a ƙasa har yau. In za ka sayi ƙusar, mai ƙyalli kamar azurfa ba ita ba ce, shafa mata aka yi sama-sama, ta gaskiyar fari-fari ce mai duhu kamar toka kuma jikinta da kaushi. Ni sai daga Kano aka kawo mini.

Ni ma na yi tawa ɓarnar, kada a ce ina wanke kaina. Littafin ya faɗa ƙarara a jera falanki a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa ya bushe kafin a yi aiki da shi, na karanta da idona, amma ɗoki ya hana ni, na sayo ɗanyen katako na haɗa shi tsam kamar ina haɗa ƙofar ɗakin amarya, ko takarda ba ta shiga tsakani. Hunturu na busowa sati biyu na zo na tarar da rata tsakanin falanki da falanki har ina hango ƙasa, na zauna a kan benci na rasa abin da ke mini daɗi. Baba ya zo ya yi dariya har da tari, ya ce kai kafintan tudu, katako numfashi yake yi, in ya sha ruwa ya kumbura in ya ji iska ya tsuke. Shi ya nuna mini yadda ake cusa auduga a ratar da ɗan ƙarfe mai faɗin baki, ba a dankara ta da ƙarfi don in katakon ya kumbura zai tura ƙusa, a bi da narkakkiyar kwalta, sannan muka tura jirgin ruwa muka bar shi ya sha kwana uku. Ranar farko kwarfa nake yi kamar ba gobe, rana ta uku sai ɗan gumi kawai.

Maganar itace kuwa littattafan duk sun bar ka da Allah, sai dai su ba ka siffar katakon da ake so, nauyinsa da juriyarsa ga ruɓa, kai ka nemo na ƙasarku. A nan dattawa maɗaci da kawo suke yabo, da loko in an samu daga kudu, kuma manyan itatuwan da ake fafe jirgi guda daga gungume ɗaya sun yi wuya yanzu, shi ya sa ma kowa ya koma falanki. Filawud na gwada ɗan guntu na wanda ake sayarwa a kasuwa, na tafasa shi a tukunya, kafin ruwa ya huce ya ɓare kamar albasa, wannan na silin ne da durowa ba na ruwa ba, kada wani ya ruɗe ka. Akwai kuma wani na FAO ɗin kan jirgin faiba, na karanta rabi na ajiye, ba don ba shi da kyau ba, kayan haɗin ne sai ka aika Legas ko Fatakwal kuma zafinmu na Maris da Afrilu na sa ruwan gam ɗin ya daskare tun kana juyawa. Bidiyon YouTube ma na kalla da yawa, suna da daɗin kallo, amma mutum ne a cikin shago mai injina goma da katako a gyare, ka gama kallo data ta ƙare ba ka riƙe awo ko ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a duk karatun nan lissafin lodi ne, kuma na yi mamakin sauƙinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgi kuma yana nutsewa ne daidai nauyin ruwan da ya ture. Nawa tsawonsa mita 6 ne, in ka auna filin da yake taɓa fuskar ruwa bai wuce murabba'in mita 5 ba, kenan duk santimita 10 da ya ƙara nutsewa ya ɗauki kamar kilo 500, buhu biyar na masu kilo ɗari, ko manya bakwai zuwa takwas. Da na gane haka sai na auna na ja jan layi da fenti a jikin jirgin ciki da waje, na ce wa ƙanena da ke tuƙa shi in ruwa ya taɓa layin nan ko hakimi ne ya zo kada ka ƙara ko kaza. Direbobin jirage suka yi ta yi mini tsiya wai malam boko ya kawo mana layin makaranta, wani ya ce shi shekara ashirin yana lodi har ruwa na lasar baki bai taɓa kifewa ba. Na ce masa Allah ya ci gaba da tsarewa, amma layin na nan. Haka maganar inji, mutane na ganin in ka ɗora mai doki arba'in ka fi mai doki goma sha biyar gudu nesa ba kusa ba, alhali jirgi mai nauyi tsawonsa ne ke yanke masa iyakar gudu, in ka wuce nan hanci kawai yake ɗagawa yana haƙa rami a baya yana shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san abin da lita take nufi. Dogo siriri da ƙaramin inji ya fi gajere mai faɗi da babban inji riba, na gwada na gani a aljihuna.

In ka ce in ba su maki, na 134 zan ba shi takwas cikin goma, na rage biyu don ba ruwanmu aka zana wa ba kuma babu shi da Hausa, abin da ke ba ni takaici ƙwarai, ga kwalejin koyon harkar kifi da cibiyar bincike a New Bussa nan kusa da mu, da za a samu wani ya juya ko shafi talatin ne zuwa Hausa da Ajami da an taimaki mutane masu yawa daga Yawuri har Lolo. Na 117 bakwai. Na Chapelle kuwa kada mai farawa ya saya, in ka haɗa jirgi biyu uku kana son zurfafawa to ka zo in ara maka nawa, ka dai yi alkawarin dawowa da shi don yarona ya saba da shi.

Yanzu ina tara falankin na biyu, mai mita 8, yana jere a inuwar mangwaro bayan shago wata biyu kenan da sanduna a tsakani, kullum na wuce sai hannuna ya yi ƙaiƙayi amma na daure. Baba ya ce in bari sai bayan sallah, kuma ya ce in zo masa da takardar nan mai zanen haƙarƙari, wai yana so ya sake duba yadda Baturen ya haɗa kusurwa da noti, akwai wani jirgin ɗaukar shanu da aka ba shi aiki.